Wa Ke Ciyar da Batirin Obrad?

Kabeji Milunka ta sauka ɗebowa a ɗakin ƙasa, ba neman magana ba, wannan kam ko maƙiyinta zai shaide ta. Ƙanƙara ta rufe ƙauyen tun kafin Kirsimeti, tukunya na kan murhu tana jira, ita kuma ta duƙa ta zura hannu cikin gangar kabeji mai tsami. Sai ta ga wani ɗan haske kore, bai fi ƙwayar wake ba, yana kallonta daga bayan gangar.

Ta yi alamar gicciye da jiƙaƙƙen hannunta, sannan ta leƙa. Wani baƙin akwati ne a kan katako, an cije kunnuwansa biyu da wasu 'yan ƙarafa masu haƙori, ɗaya ja ɗaya baƙi. Waya ta fito daga nan ta shiga wata 'yar na'ura mai koren idon, ta sake fita, ta bi gindin bango a laɓe har soket ɗin firiza. Wanda ya yi aikin nan har tsohon buhu ya shimfiɗa a kan wayar.

Ta san akwatin. Batirin babur ɗin Obrad ne.

Obrad ɗanta ne, shi kaɗai Allah Ya ba ta, ciwon zuciya ya ɗauke shi sanyin da ya wuce na bara. Ya bar babur a rumfa, ya bar matarsa Radmila a gida, ba ɗa ba jika. Babur ɗin Milunka ta lulluɓe shi da bargo, ta ce duk wanda ya taɓa shi bai ga annabinsa ba, kowace Asabar kuma ita ke goge shi da kanta. Radmila kuwa, ƙauye ya ce daga an yi arba'in za ta tattara ta tafi. Aka yi arba'in, ba ta tafi ba. Aka ce to, sai an yi shekara. Aka yi, tana nan tana tatsar saniya. Milunka ba ta taɓa ce mata na gode ba, ba halinta ba ne. Amma kullum da safe ba ta buɗe ido sai ta ji ƙarar murfin murhu a kicin, ta tabbata akwai wani mai numfashi a gidan bayan ita.

Ta haura da kabejin, ta ajiye. Ta yafa gyale ta tsallaka gidan Kosara.

Kosara maƙwabciyarta ce tun suna amare. Mijinta direban babbar mota ne kafin ya rasu, saboda haka duk abin da ke da taya ita ake tambaya, ita kuma ba ta taɓa cewa ban sani ba. Ta ɗora kofi, ta saurara da baki a buɗe.

"Caja ce, 'yar'uwa," in ji ta. "Marigayi nawa ya yi ta fama da irinta. Batir in ya zauna ba aiki, sanyi tsotse shi yake yi har ya mutu murus. Sai a riƙa ba shi wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ba maraya ɗan rago madara da cokali. Kika ga kore, ya ƙoshi. Kika ga ja, yunwa yake ji."

"To wa ya ce a ƙosar da shi? Mai shi yana ƙasa."

"Mai shi na dā," in ji Kosara, ta kurɓi kofi a hankali don maganar ta samu wurin zama. "Ke, ba a ciyar da batir don a yi ado da shi. Duk mai ba shi wuta cikin sanyi, akwai inda yake son zuwa in ƙanƙara ta narke."

"Radmila ba ta iya tuƙi ba. Ko keke ban taɓa ganinta a kai ba."

"Ai ban ce ita za ta tuƙa ba. Babur ɗin mazauni biyu gare shi, ko kin manta?"

Milunka ta ture ƙoƙon kofinta gefe. Kosara ta karɓi ƙoƙon, ta kife shi a kan faranti, ta jira, ta ɗaga, ta ƙura wa dusar kofin ido, don da ita take yi wa mutane duba.

"Ga namiji nan da hula."

"Ke kullum namiji da hula kike gani. Ko da akuyata ta ɓata, namiji da hula kika gani."

"To ba namiji da hula ne ya sace ta ba?"

Gaskiya ne, shi ya sace ta. Milunka ta tashi ta koma gida.

Da cin abincin rana ta zauna tana kallon surukarta. Radmila mace ce doguwa, mai faɗin kafaɗa, ba ta cika magana ba, ta haura arba'in da kaɗan, kuma Allah Ya yafe mana, har yanzu in ta wuce maza sukan manta abin da suke faɗa. Ranar sai Milunka ta lura ta rage gashinta. Yaushe? Don wa?

"'Yar nan, kin shiga ɗakin ƙasa kwanan nan?"

"Kullum ina shiga, Mama. Can dankali yake."

"Ba ki ga wani abu ba?"

"Na ga ɓera. A ƙara miki miya?"

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Milunka ta ce a ranta, lallai an yi nisa.

Washegari ta sauka ta zare fulogin. Koren idon ya mutu, ta ji sanyi a ranta. Da ta koma bayan kwana biyu, ga shi nan a buɗe yana kallonta. Ta sake zarewa, aka sake mayarwa. Haka suka yi ta yi, a sama kuwa sai "ina kwana, Mama" da "kin tashi lafiya, 'yar nan", kamar ba komai.

Sai ta ɗebi garin alkama, ta barbaɗa siriri a gaban gangar inda duhu yake. Da ta dawo da tocila, ga sawu nan ɓaro-ɓaro. Takalmin namiji ne, ƙato, mai haƙora a ƙasa, irin na masu shiga daji. Milunka ta zauna a kan matakala. Namiji a cikin gidanta, a ƙarƙashin gadonta, kusa da kabejinta!

Ta tsinko zaren ulu daga saƙarta, ta auna sawun, ta ƙulla. Ran Lahadi bayan coci, maza na tsaye a fili suna shan taba, aka ga Milunka tana ta yar da safar hannunta a cikin ƙanƙara tana duƙawa, tana auna sawun maza da zaren. Kosara ce ke tsare mata, tana faɗin sunaye ƙasa-ƙasa.

"Wannan na Stanimir ne, likitan dabbobi."

Zare ya yi daidai. Milunka ta miƙe tana huci. Stanimir! Gwauro, matarsa ta gudu Jamus, gashin baki kamar tsintsiya. Sau biyu ya zo duba saniyarsu da kaka, saniyar da ko tari ba ta yi. Kuma hula gare shi.

"Gwada wancan ma," in ji Kosara.

Ya yi daidai.

"Na wa ne?"

"Na fada, limamin coci."

"Ke, ki ji tsoron Allah!"

"Ni na ce wani abu? Zarenki ne ya faɗa."

Kafin su bar filin, zaren ya kama mai kanti, ya kama mai kawo wasiƙu, ya kama tsoho Budimir da ba ya tafiya sai da sanda biyu. Duk mazan ƙauyen nan a kanti ɗaya suke sayen takalmi. Amma Milunka ta riga ta tsai da magana, Stanimir ne. Da ya ɗaga mata hula ya ce, "Inna Milunka, ya saniya?" sai ta ce, "Tana nan inda ka bar ta, kuma nan za ta zauna." Mutumin ya tsaya yana kallon bayanta.

Daga nan ta daina wasa. Ta sauka, ta ɓalle ƙarafan, ta naɗe cajar da wayarta, ta cusa ta can ƙasan akwatin kayan da ta tanada don ranar binne ta, ƙarƙashin baƙar rigar da farin mayafin. Nan kam ko ɓarawo ba ya sa hannu.

Da yamma Radmila ta sauka ɗebo dankali, ta daɗe ba ta hauro ba. Da ta hauro fuskarta ta yi ja. Ta zauna tana fere dankali, tana yanke rabinsa tare da ɓawon.

"Lafiya, 'yar nan? Kin ɓatar da wani abu?"

"A'a, Mama. Ke fa, kin tsinci wani abu?"

"Ni? Me zan tsinta a gidana?"

Ka ji mata biyu, kowace ta san abin da 'yar'uwarta ta sani, ba mai iya faɗa. Radmila in ta tambaya, ta amsa ta taɓa abin da aka hana. Milunka in ta yi magana, tana tsoron amsar da za a ba ta, don akwai amsar da in ta fito, sai dai a tayar da akwati a kai bakin ƙofa.

Sanyi ya fara sassautawa, indararo ya fara ɗiga da rana. Wata Asabar Milunka ta shiga rumfa da tsummanta, ta yaye bargo, sai ta ga an share ƙurar da ke gefen mazauni, an hura tayoyi, tanki na warin sabon fetur. Makulli na jiki. Ta murɗa shi don ta gani, sai fitilar gaba ta haska bangon rumfar fes. An mayar da batirin. Wato an shirya, saura rana.

Ta tsaya da hannu a kan makullin. Ta tuna kicin ba ƙarar murhu, ta tuna matar Budimir da aka yi kwanaki ba a san ta faɗi a bayan gida ba. Ta ja bargo ta rufe babur ɗin ruf, da fitilarsa a kunne don ta tsotse batirin, ta ƙara tsohuwar darduma a kai don kada haske ya fito. Daren nan sanyi ya dawo da ƙarfinsa, har ruwan bokiti ya daskare.

Ran Lahadi da hantsi Milunka na zaune bakin taga tana saƙa, ta ga Radmila ta nufi rumfa, sanye da wando da jaket ɗin fata na Obrad. Ta ajiye saƙar, ta bi ta a hankali, ta laɓe jikin itacen girki tana jiran ta ga ta inda gashin baki zai ɓullo.

Ba wanda ya ɓullo. Radmila ta turo babur ɗin waje ita kaɗai, ta ɗaga ƙafa ta haye kamar wadda aka haifa a kai. Ta danna maɓalli. Ƙas. Ta sake dannawa. Ƙas. Ta duba makullin, ta ga yadda aka bar shi, ta kifa goshinta a kan tanki.

"Fito, Mama, ina ganin gyalenki."

Milunka ta fito tana gyara wuyan riga. "Ina shi?"

"Wa?"

"Mai hular. Mai gashin bakin. Wanda kike ciyar wa batirin ɗana da wutar gidana."

Radmila ta ɗago ta dube ta. "Stanimir? Mama, mutumin da ke warin maganin tsutsar tumaki?"

"Kada ki raina mini hankali! Na ga sawunsa a ɗakin ƙasa. Na auna!"

Radmila ta miƙo ƙafa ɗaya. Takalmin Obrad ne, na shiga daji, an cusa tsumma a gaba don ya zauna. "Ƙasan can jiƙe take. Da silifa kike so in shiga? Kuma ki daina zubar da gari, ɓeraye sun yi ƙiba."

Milunka ta ga an kayar da ita. Amma ba ta saba faɗuwa a karo ɗaya ba. "To wa ya koya miki hawa? Ai wani ne ya riƙe miki ƙugu."

"Ɗanki. Tun kafin a ɗaura mana aure. Duk bikin da muka je ya sha giyar rakiya ya yi tilis, wa kike tsammani ke dawo da shi? A gindin gada muke musanya, ya shigo ƙauye yana tuƙi don kada ki ce matarsa ta fi shi. Kowa ya sani, har Kosara."

"Kosara ta sani?"

"Ita ke riƙe mana kare kada ya yi haushi."

Wannan ya fi komai yi wa Milunka ciwo, amma ta ajiye shi gefe, ranarsa na zuwa.

"To ina za ki?"

Radmila ta sauko, ta jingina babur ɗin. "Na samu aiki a gidan cuku na cikin gari. Gobe da sassafe zan fara. Bas ta daina hawowa tun sabuwar shekara, kin sani. Yayata Lyubinka ta ce in koma wurinta, ta ma share mini ɗaki. Na ce mata a'a, ina da babur, zan riƙa zuwa ina dawowa, ba zan bar tsohuwa ita kaɗai a kan tudu ba. Na so in gaya miki sai na ga ya tashi, don na san ihun da za ki yi in kika ji an taɓa shi." Ta nuna babur ɗin da haɓa. "Yanzu ga shi. Irin batirinsa sai an aiko daga Belgrade, masu gidan cuku kuwa ba za su riƙe mini gurbi ba. In bai tashi ba, zan kira mijin Lyubinka ya zo da mota da yamma. In na sauka da akwati kuma, kin san Lyubinka, ba za ta bar ni in hauro ba."

Milunka ta dubi babur ɗin. Ta juya, ta shiga ɗaka da saurin da ba a san tana da shi ba. Aka ji murfin akwati ya bugi bango. Ta fito rungume da cajar, farin mayafin binnewarta na jan ƙasa a maƙale da wayar.

"Kada ki kira kowa. Ungo. Ba shi ya ci."

Suka ciro batirin suka kai kicin, inda ɗumi yake. Radmila ta goge kawunansa da burushi har suka yi ƙyalli, ta maƙala ja, ta maƙala baƙi, sannan ta sa fulogi. Ido ya buɗe ja wur.

"Ƙara masa wuta mana!"

"Ba a ƙarawa, Mama. Ɗigo-ɗigo take bayarwa. Wanda ya yi irin wannan yunwar, in aka ɗura masa da ƙarfi lalacewa zai yi."

"Zuwa gobe zai ƙoshi?"

"Ban sani ba. Wataƙila ma ya riga ya mutu."

Milunka ta ɗauko bargo za ta lulluɓe shi, Radmila ta hana, ta ce yana buƙatar iska. Ta ɗauko fitilar mai ta gaban hoton waliyyi za ta ajiye kusa da shi, Radmila ta yi tsalle ta ƙwace, ta ce so take ta tashi gidan? Sai ta ja kujera ta zauna gabansa, ta harɗe hannu, tana hararar jan idon kamar yadda take hararar Stanimir.

Gari ya waye, ido na nan ja. Suka mayar da batirin, Radmila ta danna. Injin ya yi wani nishi, gur, gur, ya yi shiru. Fitilun allo dai sun kama, dishi-dishi.

"Akwai ɗan rai," in ji Radmila. "In aka tura shi a gangara zai iya kamawa. Amma daga nan zuwa bakin gangara da nisa, ga laka, ni kaɗai ba zan iya ba. Bari in kira Stanimir, shi ke tashi da wuri."

"Ki kira wa? Kosara! Ke Kosara! Fito, munafuka, yau za ki biya kuɗin riƙon kare!"

Abin da masu tatsar safe suka gani ke nan: Radmila a kan babur, tsofaffi biyu a baya, ɗaya da rigar barci ƙarƙashin kwat, sun dafa mazauni suna turawa suna zagin juna.

"Tura mana, ke da kika san komai na mota!"

"Ina turawa! Ke ce kika rataya a jiki kamar jiƙaƙƙen wanki!"

Suka wuce rijiya, suka wuce gidan Budimir, hanya ta fara sunkuyawa. Babur ya fara gudu da kansa, ya fi ƙarfin ƙafafunsu. Milunka ta ji ƙarfen na zamewa daga yatsunta, ta ƙara damƙewa, tana bin sa da gudu.

"Saki, Mama! Saki!"

Ta saki. Ta zube gwiwa biyu a laka. Radmila ta saki kuloci, babur ya yi tari, ya yi tsalle, ya yi wata ƙara da ta tayar da karnukan ƙauye gaba ɗaya, ya sha kwana ya ɓace.

Kosara ta zauna a kan dutse tana haki. Da numfashinta ya dawo, sai ta ce, "To, mu mun tura ta ta tafi. Can cikin gari fa, wa zai turo ta ta dawo? Na ji an ce gidan cukun nan maza ne fal."

Milunka ta wuni ba ta ci ba. Ta leƙa ɗakin Radmila, ta buɗe kabad, kaya na nan. Ta duba ƙarƙashin gado, akwati na nan. Duk da haka tun la'asar tana bakin ƙofa. Rana ta kusa faɗuwa sannan ta ji ƙarar daga ƙasan kwari, tana hawowa, tana ɓacewa a kwana, tana dawowa.

Radmila ta tsaya a tsakar gida, ta kashe, ta cire hular kwano, tana warin madara.

"Wa ya tura ki?"

"Ba kowa, Mama. Tafiyar safe ta ɗan cika shi, ya tashi da kansa."

"Da kansa."

"Da ƙyar dai, amma da kansa."

Milunka ta dube ta sama da ƙasa. Ta shiga ɗaka, ta fito tana jan doguwar wayar da ake kunna injin yankan itace da ita, cajar a hammata.

"Daga yau ni ke ba shi abinci, kullum, da hannuna. Ba zan ji wani ƙato ya dafa miki baya wai yana taimako ba. Buɗe. Wanne ake fara sawa?"

"Ja, Mama. A inda aka yi alamar gicciye."

"Ai na san ba a rasa gicciye a jikinsa ba, na ɗana ne. Matsa ki ba ni wuri."